Idan Waya Ta Ɗauke, Da Me Mutanen Sabo Za Su Kira Juna?

Ranar Laraba 16 ga watan Janairu 1924 ba ta cikin lissafin kowa, amma ranar Talata 16 ga watan Janairu 2024 duk mazaunin Badun yana tune da ita. Tsakanin magariba da lisha wata ƙara mai tsanani ta girgiza gari, har mu da ke Sabo ta Mokola muka fito ƙofar gida muna tambayar juna. Wani ya ce bom ne, wani ya ce gidan mai ne ya kama wuta, wani kuma ya rantse cewa faɗa ne ya ɓarke. Sai daga baya Gwamna Seyi Makinde ya bayyana cewa nakiyoyin da masu haƙar ma'adinai suka ajiye a wani gida a unguwar Bodija ne suka tashi. A daren nan na nemi wani ƙanena mai sayar da kayan miya a kasuwar Bodija, na buga ya fi sau goma, kiran bai shiga ba, don kowa ya rungumi waya a lokaci guda. Allah Ya kiyaye, lafiyarsa ƙalau. Amma tun daga ranar nake tambayar kaina, idan abin ya fi haka muni, waya kuma ta ɗauke ɗungum, da me za mu kira juna?

Wannan tambaya ba ta masu neman magana ba ce. Iyayenmu suna tune da ambaliyar kogin Ogunpa ta ranar 31 ga Agusta 1980, wadda ta ci rayuka da dukiya masu yawa. Mu kuma mun ga ta ranar 26 ga Agusta 2011, wadda ta hallaka mutane fiye da 100, ta karya gadoji, ta raba unguwa da unguwa. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara bisa umurnin hukuma saboda yaƙi da 'yan bindiga, sa'an nan aka bi da wasu sassa na Katsina da Sakkwato da Kaduna, har wasunmu suka koma ba direbobi saƙo kamar zamanin kakanni. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka lalace, harkar banki ta yi tsaiko a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Ashe dai wayar salular nan da ta shigo mana a 2001, muka ɗora mata duk rayuwarmu, ba ta da alkawari.

Shawarata ita ce, mutanen Sabo su sa 'ya'yansu su koyi rediyon sha'awa, su sami lasin na gwamnati, sa'an nan a haɗa hannu da maƙwabtanmu Yarbawa a kafa na'urar maimaita magana a bisa tudun Mokola, a kuma ɗaure wa kula da ita gindi tun kafin a sayi ko ƙusa ɗaya. Bari in yi bayani dalla-dalla, don na san da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa jin wannan abu ba.

Masu rediyon sha'awa mutane ne da ke magana da juna ta rediyo don neman sani da taimakon jama'a, ba don kuɗi ba. A cikinsu akwai malamin makaranta da likita da makanike da ɗalibi. Kowannensu ya ci jarrabawa, hukumar ƙasarsa ta ba shi lasin da lambar kira tasa ta kansa. Lambobin Nijeriya suna farawa da 5N, na Jamhuriyar Nijar da 5U, na Gana da 9G. Suna da ƙungiya ta duniya wadda aka kafa a birnin Paris ranar 18 ga Afrilu 1925, Nijeriya ma tana da tata ƙungiyar mai suna NARS. Ba kuwa wasan yara suke yi ba. Lokacin da girgizar ƙasa ta auka wa Nepal a watan Afrilu 2015, da lokacin da guguwa ta kakkarya turakun waya a tsibirin Puerto Rico a watan Satumba 2017, da girgizar ƙasar Turkiyya ta watan Fabrairu 2023, waɗannan mutane suna cikin waɗanda suka riƙa isar da saƙonnin ceto da 'yan rediyoyinsu masu aiki da batir.

To, mene ne aikin na'urar maimaita magana, wadda masu abin ke kira ripita? Duk wanda ya je sallar Idi ya san amsar. Liman yana gaba, muryarsa ba ta kai sahun baya, saboda haka ladan yakan tsaya inda kowa zai ji shi, liman ya yi kabbara shi kuma ya ɗaga ta. Ripita ita ce ladanin rediyo. Rediyon hannu, watau oba-oba, ƙarfinsa bai cika wuce wat 5 ba, kuma irin zangon da yake aiki a kai yana tafiya ne kusan miƙe kamar haske, tudu ko dogon bene yana iya tare shi. Badun kuwa gari ne na tuddai. Mutumin da ke Sabo ba lallai ne ya ji na Shasha ko na Akinyele kai-tsaye ba. Amma idan akwai ripita a kan tudu, ita za ta ji shi, nan take ta maimaita maganarsa da ƙarfi, na Ojoo da na Oja'ba da na Apata su ji a lokaci guda.

Masu sauraron Rediyon Kaduna na da sun saba da jin mita 49. To, su waɗannan suna amfani ne da mita 2, watau daga megahaz 144 zuwa 146 a nahiyarmu. Ripita tana sauraro a lamba ɗaya, tana magana a wata, tazarar da ke tsakaninsu kilohaz 600 ce. Alal misali, ta ji ka a 145.000, ta maimaita a 145.600. Shi ya sa take iya ji da faɗa a lokaci ɗaya.

Asirin abin yana ga tsawo, ba ga ƙarfin inji ba. Masana suna da lissafi mai sauƙi. Eriyar da ke tsawon mita 2 daga ƙasa, kamar oba-oba a hannun mutum tsaye, tana hango wajen kilomita 6 a fili mai shimfiɗa. Wadda aka ɗaga mita 25 tana kaiwa wajen kilomita 20. Wadda ta ɗara kewayenta da mita 100 tana kaiwa wajen kilomita 40. Watau idan kana son nisan ya ninka sau biyu, sai ka ninka tsawon sau huɗu. Allah kuwa Ya hore mana tudun Mokola a bayan ɗakinmu, tudun nan da aka gina otal ɗin Premier da gidan al'adun gargajiya a kansa. Wasu garuruwa sai sun kashe dukiya wajen gina dogon turke kafin su sami abin da mu muke gani kullum da safe. Garin Badun kuma ba baƙon eriya ba ne, don a nan ne gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta buɗe gidan talabijin na WNTV ranar 31 ga Oktoba 1959.

Kayan da ake bukata ba su da yawa, amma kowanne yana da sharaɗinsa. Akwai injin kansa, mai karɓa da mai aikawa. Akwai eriya, wadda ake yanka ta daidai da zangon da za ta yi aiki a kai. A mita 2 mafi sauƙinta ɗan sanda ne na ƙarfe mai tsawon wajen rabin mita, amma ta ripita takan zama doguwa don ta tattara ƙarfinta zuwa gefe maimakon ta watsa shi sama. Akwai wasu manyan gwangwanaye na ƙarfe da ake kira dufleksa. Amfaninsu shi ne, inji yana ihu da ƙarfin wat 25 ko fiye, alhali muryar da yake ƙoƙarin ji ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na wat guda ba, duka kuma ta eriya ɗaya. In ba don gwangwanayen nan suna raba tsakani ba, da ihunsa ya kurumtar da shi. Saita su sai gwani mai kayan awo, kuma da zarar an saita ba a son mai karambani ya taɓa.

Sai wayar da ke haɗa inji da eriya, a nan ne mai son arha yake faɗawa rami. Siririyar wayar nan da 'yan kasuwa ke kira RG-58, idan tsawonta ya kai mita 30 a wannan zango, tana shanye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin kafin ya isa eriya, haka kuma take shanye muryar da ke shigowa. Gara a sayi ƙaramin inji da waya mai kauri, da a sayi babban inji a haɗa shi da igiyar shanya. Daga ƙarshe akwai batura da faifan hasken rana, domin ripitar da ta dogara ga wutar gari za ta mutu ne a daidai ranar da aka kafa ta dominta.

Idan aka haɗa kuɗin duka, ba zai gagari unguwar da ke da fataken shanu da 'yan goro da 'yan canji ba. Kuɗin 'yan bijimai ne. Ni ba sayen kayan ke ba ni tsoro ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne halinmu.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun iya gayya ranar buɗe abu, ba mu iya waiwayarsa ba. Na san wani masallaci da aka yi karo-karo aka saya wa janareta, aka yanka rago ranar da aka kunna shi, shekara biyu ba ta cika ba ya zama wurin kwanan kaji, don an rasa wanda zai riƙa canza masa baƙin mai. Rijiyoyin burtsatse nawa muka gani haka? Ripita kuwa ta fi janareta son kulawa, domin tana can bisa tudu ita kaɗai, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, ba ta kuma yin hayaƙi balle a gane tana ciwo. Sai dai a ga nisan da take kaiwa yana raguwa a hankali.

Daminar Badun doguwa ce, tun daga wajen watan Maris ko Afrilu har Oktoba, tana kuma zuwa da tsawa. Ƙarfen da ya fi komai tsawo a kan tudu shi aradu ke fara nema. Tilas a kafa sandunan jan ƙarfe a ƙasa, a ɗaure turken da su da waya mai kauri, a sa abin tare aradu a kan wayar eriya kafin ta shiga ɗaki, sa'an nan a riƙa dubawa ko tsatsa ta ci mahaɗin. Ruwan sama kuma yana neman kafa ko ta kai ƙofar allura. Idan ba a naɗe mahaɗin wayar eriya da kyau ba, ruwa zai shiga ya bi cikinta, ta lalace daga ciki alhali daga waje tana sheƙi. Akwai ɗan ma'auni da ake ɗaurawa tsakanin inji da waya, yana nuna ko ƙarfin yana fita ko yana komowa baya. Wanda yake rubuta abin da ma'aunin ya nuna kowane wata zai gane matsala tun inji bai ƙone ba. Igiyoyin ƙarfe da ke riƙe da turke suna saki, suna tsatsa. Hunturu yana lulluɓe faifan hasken rana da ƙura. Batir yana tsufa cikin 'yan shekaru ko da ba a yi masa laifin komai ba. Ga kuma ɓarayi, waɗanda ba abin da suke so kamar batir da jan ƙarfe.

Saboda haka kada a tara kuɗin saye kawai. A tara na saye, a ware na gyara na shekara uku a ajiye, a naɗa mutum uku ko huɗu masu lasin waɗanda za a san su da suna, a ba su littafi su riƙa rubuta ranar da suka hau da abin da suka gani. A kuma tsayar da dare ɗaya kowane mako wanda duk masu rediyo za su yi sallama ta ripita, kowa daga unguwarsa. Ta haka ake gane tana da rai, ta haka kuma yara ke koyon yin magana a taƙaice. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuwa mun san ba za mu iya wannan ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin ripitar da mutane suka dogara da ita alhali ta mutu ta fi rashinta haɗari.

Yanzu bari in zo kan maganar da na san tana cin zuciyar dattawa. Za su ce, yaro, kana so ka jawo mana fitina? A wannan zamani da ake ganin 'yan bindiga da oba-oba a daji, Bahaushe ya rataya oba-oba a Kurmi, ya kuma kafa eriya a kan tudu, me maƙwabta za su ce? Wannan magana tana da nauyi, ba na kuwa raina ta. Ba mu manta da rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu 2021 ba, inda saɓani tsakanin mutane ƙalilan ya zama asarar rayuka da ƙone-ƙone, har wasu gwamnonin Arewa suka taso suka zo Badun. Zargi a wurin baƙo ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a duba da kyau, me ya hura wutar irin waɗannan rigingimu? Jita-jita ce ta wayar salula, saƙon murya da ba a san mai shi ba, da hoton wata ƙasa da aka ce na bayan gida ne. Rediyon sha'awa kishiyar wannan ne. Dokarsa ta duniya ta hana yin magana a dunƙule don ɓoye ma'ana. Duk mai magana tilas ya faɗi lambar kiransa, lambar nan kuwa tana rubuce a ofishin gwamnati da sunansa da inda yake zaune. Kowa yana iya sauraro, har 'yan sanda. Wanda ya yi ƙarya a nan, gari duka ya ji muryarsa ya kuma san shi. Mai mugun nufi ba ya zuwa inda ake kiran suna.

Sharaɗin dai shi ne a bi ta ƙofa. Tun 1961 Nijeriya take da dokar da ta hana kafa ko amfani da na'urar aika saƙo ta iska ba tare da lasin ba. Oba-oban nan masu arha da ake sayarwa a kasuwa, saye ba ya halatta amfani da su. Wanda ya kunna ya yi magana ba lasin ya karya doka, yana kuma iya shiga layin jami'an tsaro bai sani ba. Ina roƙon samarinmu su kiyaye wannan. A fara da neman masu lasin ta hannun ƙungiyarsu ta ƙasa, a yi karatu, a ci jarrabawa, a nemi izinin ripitar kanta daga hukumar sadarwa ta Gwamnatin Tarayya, a sanar da 'yan sanda da hukumar agajin gaggawa ta Jihar Oyo tun kafin a kafa turke.

Kada kuma ta zama ripitar Hausawa. A al'adar masu wannan rediyo, ripita ta duk mai lasin ce. A sa Bayarabe a cikin kwamiti, a sa Ibo, a gayyaci malamai da ɗaliban Jami'ar Badun da na kwalejin kimiyya da fasaha, waɗanda suke da ilmin da kayan awo. Ruwan Ogunpa bai tambayi kowa ƙabilarsa ba. Ranar da wani abu ya taso, a ce akwai Bahaushe a Shasha da Bayarabe a Mokola waɗanda suka shekara suna gaisawa kowane mako, ɗaya ya tambayi ɗaya, shin gaskiya ne abin da muke ji? Ɗayan ya ce ƙarya ne, ga ni tsaye a wurin. Wannan kaɗai ya isa ya biya kuɗin eriya.

Akwai abubuwa biyu da ba na so in ruɗi kowa a kansu. Na farko, ripitar Mokola ba za ta kai ka Kano ko Gusau ba. Iyakarta Badun da kewaye. Magana da Arewa sai da rediyon gajeren zango da doguwar eriya, wanda shi ma masu lasin suna yi, amma wani karatu ne dabam, ba kuma hanya ce ta kewaye umurnin hukuma ba inda ta rufe layi don tsaro. Na biyu, ba a ciniki a kanta. Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri, ba za ka tambayi farashin shanu a Akinyele ko na dala ta wannan hanya ba, doka ta hana. Wani zai ce to mene ne ribata? Ribarka ita ce ta mai ajiye guga da yashi a shago saboda gobara. Ƙari a kan haka, yaron da ya iya yanka eriya, ya iya auna waya, ya iya haɗa batir da faifan hasken rana, ya sami sana'a a hannu. Muna da samari masu gyaran waya da rediyo a Sabo waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta isa, jagora kawai suka rasa.

An kafa unguwar Sabo a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikinta a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1969, inda ya nuna cewa abin da ya riƙe cinikin goro da shanu a hannun mutanen Sabo shi ne amana da saurin samun labari tsakanin masu gida da dillalai da fatake. Kakanninmu ba su jira wani ya shirya musu hanyar jin juna ba, su suka shirya abarsu, suka kuma kula da ita shekara da shekaru. Mu ne muka miƙa tamu gaba ɗaya ga turken da ba mu san mai shi ba.

Ina kira ga iyayenmu sarakunan Hausawa na Sabo da Shasha, Allah Ya ja zamaninku, da malamanmu, Allah Ya gafarta muku, da shugabannin 'yan kasuwa, ku sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a zama na gaba. Ba a ce a fito da kuɗi gobe ba. A fara da zaɓen samari biyar masu natsuwa a tura su koyo, a kuma aika wa shugabannin unguwar Mokola cewa ga abin da muke tunani, ku zo mu yi tare. Idan yaran nan suka dawo da lasin a hannu, suka shekara suna aiki da shi ba tare da an ji wani abin kunya ba, sa'an nan a hau tudu a duba inda turke zai tsaya.

Allah Ya kiyashe mu da ranar da za mu bukace ta, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.